Kwana nawa ɗiyanmu ke karatu a shekara?

Jawabin da kwamitin ƙungiyarmu ya yi gaban iyayen yara a filin lakwal, ranar da aka ba da sakamakon jarrabawar zangon farko. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba, da ƴan'uwanmu mazauna Maraɗi, Damagaram da Yamai.



Maigari, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta malam. Mushe darakta da sauran malamai, sannunku da ƙoƙari. Iyayenmu mata da kuka bar daka kuka zo, dattawa, samari, jama'a baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa.

Mun san yawancinku kun zo ne ku ji wa ya yi na ɗaya, wa ya yi na biyu. Za ku ji. Mushe darakta zai kira sunaye aji bayan aji in mun ƙare. Amma tun da Allah ya tara mu yau, kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, masu tafiya biɗa ba su kama hanya ba tukuna, akwai maganar da kwamiti ke son mu yi da ku. Magana ce ta lissafi, irin wanda kowane manomi ya iya.

Kafin nan, bari mu gaya muku abin da ake yi cikin wannan fili kullum, domin da yawa cikinmu ba mu taɓa shiga aji ba. Muna dai ganin yara sun fita da safe, sun komo da rana da ƙura har gira.

Yaron lakwal a garin nan ya riga kowa tashi. Da asuba yana makarantar allo. In ya wanke allonsa, in namiji ne ya ba awaki harawa, in mace ce ta kai tulu rijiya sau ɗaya ko sau biyu. Sa'an nan a kama hanyar lakwal. Masu zuwa daga rugage da ƙananan ƙauyuka na kewaye suna tafiyar da ba ta kasa awa guda ba, cikin wannan sanyi. Kafin ƙarfe 8 sun share fili, sun cika randunan aji da ruwa, sun ba itatuwan bedi da aka dasa ruwa. A buga ƙarfen nan da kuke ji har gida, wato tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye ga icce. A yi layi, a ɗaga tuta, a rera taken ƙasa. Taken ma sabo ne, a 2023 aka sake shi, kuma yaran nan sun riga mu haddace shi.

Cikin aji, ƙanana suna aiki da ɗan allo da alli. Malam ya faɗi baƙi ko lamba, ya buga tebur sau ɗaya, kowa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. Da kallo ɗaya malam ya san wanda ya gane da wanda ya leƙa allon maƙwabci. Tsinkayen da kuke gani ɗiyanku suna ɗaurewa goma-goma da zare, da marafan kwalba da suke tsinta kasuwa, ba wasa ba ne. Da su ake koyon ƙidaya. Don Allah iyaye mata, ku daina hura wuta da su. Manya kuma, ƴan CM1 da CM2, suna da kaye da bik. Suna yin dikte, da lissafin gona da na kasuwa, da tarihi, da sanin ƙasa, da kiwon lafiya.

Wajen ƙarfe 10 a fito shan iska. Nan ne ake gane halin gidaje. Mai dala biyar ko dala goma ya sayi ƙosai, ko awara, ko kwaɗon zogale. Wanda ba shi da ko tamma ya koma gefe ya ce shi ba ya jin yunwa. Maza su yi langa da ƙwallon tsumma, mata su yi carafke. Malamai sun gaya mana, yaron da ya zo bai sa komi a ciki ba, daga ƙarfe 11 ba ya tare da su, idonsa kawai ke buɗe. Ɗumamen tuwo ko ludayi biyu na fura kafin a fito ya isa. Wannan ba sai gwamnati ta sa hannu ba.

To, me wannan wahala ta haifar? Ba za mu kira sunan kowa ba, kun san ɗiyanku.

Ranar da aka kawo takin zamani, an yi gardama bisa abin da ke rubuce jikin buhu. Yaron CM1 aka kira ya karanta, ya ce wannan 15-15-15 ne, wancan ire ne, kuma ba lokaci ɗaya ake zuba su ba. Akwai tsohuwa a unguwar gabas da ta sayi magani ga mai tebur ranar kasuwa. Jikanyarta ƴar CM2 ta duba kwali, ta ce kwanansa ya ƙare tun bara, aka mayar masa da abinsa. Saƙonnin da masu biɗa ke aikowa ta salula, da can sai a kai ma wani a waje ya karanta, sirrin gida ya zama na gari. Yanzu a gidaje da yawa yaro ke karanta ma uwarsa cikin ɗaki. Ƙungiyar mata masu asusu, ɗiyarsu ce ke riƙe musu littafin zubi. Katin rigakafin jarirai, ƴan lakwal ke tuna ma uwaye ranar komawa likita. Ga lambun lakwal can bayan aji, ku leƙa kafin ku tafi. Da kuɗin salati da yakuwa da suka sayar bara aka sayi alli lokacin da ya yanke.

Sa'an nan ga jarrabawar sartifika, wadda ake kira CFEPD. Kun san an daina ta kusan shekara goma, yara suna wucewa kwaleji da makin aji kawai, har aka maido ta a 2024. Ɗiyanmu sun zauna ta, wasu sun samu, kun yi guɗa mun ji. Wasu ba su samu ba. Game da waɗannan ne muke son mu tsaya.

Mun zauna da mushe darakta, mun tambaye shi: yaro ya shekara shida a lakwal, daga CI har CM2, me ya sa zai faɗi? Ya ce mu zo mu gani da idonmu. Ya ɗauko littafin ƴan CP, ya miƙa ma wasu manyan yara. Akwai waɗanda suka karanta kamar ruwa. Akwai waɗanda ke bin baƙi ɗaya-ɗaya da yatsa, kafin su kai ƙarshen layi sun manta farkonsa. Yaron da ke haka bai faɗi a CM2 ba. Ya faɗi tun CI da CP, sai dai ba a gaya ma kowa ba, aka yi ta tura shi gaba.

Ba garinmu kaɗai ba ne. Akwai binciken da ake kira PASEC, wanda ake gwada yaran ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci. A na 2014, cikin yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare, ko ɗaya cikin goma bai kai matsayin da ake so a karatu ba. A na 2019 abin ya ɗaga, ya kai wajen uku cikin goma. An ci gaba, amma har lokacin bakwai cikin goma suna baya. Dalilai suna da yawa, wasu sun fi ƙarfinmu. Littattafai ba su isa ba. Malamai da yawa ƴan kwantaragi ne, kuɗinsu kaɗan ne, wani lokaci ya makara, kuma sai sun bar aji sun tafi birni su amso shi. In aka shiga yajin aiki, ba mu da ta cewa. Amma akwai dalili ɗaya da ke hannunmu, shi ne kwanaki.

Ku riƙe lissafin nan tare da mu.

A takarda, shekarar karatu wata tara ce, daga Oktoba zuwa Yuni. Ranar da aka ce an buɗe lakwal, rediyo ya faɗa, malamai sun iso. Ajin siminti ya buɗe. Ajin kara fa? Ajin kara yana nan tsaye a gona, bai ma zama kara ba. Sai an yanke hatsi, an ɗaure, an kai gida, sa'an nan a sare kara, a saƙa zana, a kafa gwafanni. A yi gayya yau, a ɗaga ta gobe saboda suna ko biki. Kafin yaro ya zauna ƙarƙashin inuwa, Nuwamba ta raba tsakiya. Mako shida ke nan sun tafi.

Ku koma ɗaya ƙarshen. Watan bakwai na manoma ya kama, hadari ya taso da iska. Dare ɗaya rumfa ta kwanta. In ba iska ba, awaki da jakai sun riga sun ci rabinta tun bazara, domin a lokacin nan babu abin da dabba ba ta ci. Ba mai sake kafa ta, kowa ya ce ai shekara ta ƙare. In ruwan shuka ya sauka kuma, duk yaron da ya iya riƙe ƙwarya yana gona yana zuba iri. Nan ma mako huɗu zuwa shida.

Mako shida a farko, mako shida a ƙarshe, kusan wata uku ke nan cikin tara. Kashi ɗaya cikin uku. Yaron da ya yi shekara shida haka, shekara huɗu ya yi karatu. Amma ranar jarrabawa takarda ɗaya za a ba shi da ɗan Yamai da ya yi shida cif.

Ba mu ƙare ba. Ranar kasuwarmu tana faɗowa cikin ranakun karatu. Yarinyar da ake ɗora ma talla kowace ranar kasuwa ta rasa kwana ɗaya cikin biyar. In aka yi mako talatin ana haka, kwana talatin ne, wato wasu mako shida na karatu. Ba mu sa ranar suna ba, da ranar da uwa ta tafi unguwa aka bar ta da goyo, da kwanakin zazzaɓin cizon sauro na farkon kaka. Wanda ya yi noma ɗaya ya bar maimai, ya san abin da zai tarar a zangarniya.

Yanzu ku tambaye mu, su wa ke zama ajin kara? Ƙanana ne, ƴan CI da CP. Haka aka saba ko'ina. A ce manya suna da jarrabawa, a ba su ɗaki mai ƙofa da tebura, ƙanana kuma su zauna bisa rairayi, ai wasa suke yi. Mu a ganinmu an juya abin ne. A CI da CP ake koyon baƙi da haɗa shi. In yaro ya kama karatu a nan, sauran shekaru yana iya taimakon kansa, ko da malam bai zo ba zai buɗe littafi. In bai kama ba, ko an sa shi cikin bene a CM2 ba abin da zai ƙaru da shi. Ba a ɗora jinka bisa ginin da gindinsa bai bushe ba. Mun roƙi mushe darakta, kuma ya yarda zai duba da insifekta, cewa duk sabon ɗakin da aka gina, ƴan CI za su fara shiga. Mun kuma roƙa a riƙa ba su malamin da ya fi daɗewa cikin aiki. Mun san wasu iyayen ƴan CM2 ba za su ji daɗin wannan ba. Ku yi haƙuri, kuna da ƙanana su ma.

Akwai abin da ya fi asarar kwanaki muni, kuma dole mu faɗe shi yanzu da iskan hunturu ya taso. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana ƙwarai. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar dai, a cikin Maraɗi, nan kusa da mu, wuta ta sake cin wasu azuzuwan, yara aƙalla 25 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan nan gwamnati ta hana a sa ƴan rainon yara cikin ajin kara. A lokacin an ce azuzuwan kara sun kai wajen 36.000 a ƙasar nan. In muka ce za mu zauna har layi ya zo kanmu, yaran da ke CI yau za su yi aure ba su ga ɗakin ba.

Kafin mu samu gini, ga abin da kwamiti ya tsayar tare da maigari. Kowace rumfa a yi mata ƙofa biyu, gabas da yamma, kada a toshe ko ɗaya da zana don sanyi. A raba rumfunan da juna, kada wuta ta yi tsalle. Masu tuyar ƙosai da awara, iyayenmu, ba korarku muke ba, yara na buƙatarku, amma murhu ya koma can bakin hanya, yamma da fili, inda iska ba zai kawo tartsatsi ba. Kada a ƙone shara kusa da lakwal. Samari masu shayi da taba da ke fakewa cikin rumfunan da dare, kun ji da kunnenku gaban maigari.

Sai maganar gini. Ba mu ce siminti da ƙarfe ba, wannan sai gwamnati ko magajin gari, kuma takardar roƙonmu tana can. Abin da muke iyawa shi ne abin da kowa ya gina ɗakinsa da shi. Tabki bai ƙafe ba tukuna, ƙasa tana nan, magina muna da su, amalanke muna da su. In kowace unguwa ta buga tubalinta cikin wannan wata, kafin sanyi ya wuce bango ya tashi. Abin da ke son kuɗi shi ne kwanon rufi, da katako, da ƙofa, da tagogi, da ɗan simintin da za a shafe bango don ruwa. Tagogin nan kada a yi musu ƙwauro. Ɗakin karatu ba ɗakin amarya ba ne, yaro na baya yana son ya ga allo.

Kwamiti ya kawo shawara, kowane magidanci ya ba da tiya biyu na hatsi ko na wake yanzu da ake da shi. Kun san tiya arba'in ke cika buhu, wato gida ashirin buhu guda. Ba za a sayar yanzu da hatsi ke arha ba. Za a aje, a sayar in ya yi daraja, a sayi kwano kafin damana. Makulli biyu za a sa ma ɗakin ajiya, ɗaya hannun ma'ajin kwamitin lakwal, wanda kuka saba kira kojes, ɗaya hannun shugabar iyaye mata. Duk tiyar da ta shiga za a rubuta, kuma ƴan CM2 za su karanta lissafin da ƙarfi gaban kowa kowane wata. Mun san abin da ya sa wasu ke noƙewa in an ce a tara, ba sai an tona ba. Iyayenmu mata sun nuna mana yadda ake yi. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, da akwati mai makulli da ƙidaya gaban kowa ya kai inda ya kai, har wasu ƙasashe suka ɗauka.

Ƴan'uwanmu mazauna birni da masu biɗa a Najeriya, Libiya da Aljeriya, ku kwano muke jira daga gare ku. Wanda ya iya falle ɗaya ya aiko, wanda ya iya bandir ya aiko.

Yanzu bari mu taɓa wata magana da ake yi a majalisa da dare. Wasu sun ji an ce a wasu lakwal ana fara koya ma ƙanana karatu da Hausa, sun ce su ba su yarda ba. Wai Hausa ai a gida ake jinta, Faransanci suka aiko yaro ya koyo. Mun fahimci tsoronsu, domin da Faransanci ake jarrabawa, da shi ake aikin ofis. Amma ku dubi wannan. Ɗiyarku mai tallar gujiya, a ba ta jika guda a sayi na dala talatin da biyar, kafin mai saye ya rufe aljihu ta ba shi canjinsa, dala ɗari da sittin da biyar, ba kuskure. Yarinyar nan dai a kai ta aji, a rubuta mata 1000 a cire 175, a tambaye ta da harshen da ba ta taɓa ji ba, sai ta yi tsuru, a ce ba ta da kai. Kai tana da shi. An haɗa mata kaya uku ne lokaci ɗaya: sabon harshe, da rubutu, da lissafin tamma maimakon dala. In aka fara mata da harshen da take mafarki da shi, ta gane cewa baƙi sauti ne aka zana, to ta iya karatu ke nan har abada. Ba a koyon karatu sau biyu. Faransanci ya zo daga baya ya tarar da hanya a share.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda a koyar da harsunanmu tare da Faransanci. A watan Maris 2025 kuma kundin da aka kafa ma ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Dattawan da suka yi lakwal a da suna nan zaune, su ba ku labarin sambol, abin nan da ake rataya ma yaro a wuya in ya kuskura ya yi Hausa cikin fili, ya yini yana farautar wanda zai sauke ma shi. Su gaya muku kuma cikin waɗanda aka kama tare da su, nawa suka kai ƙarshe. A zamanin nan har cikin rumbu ake ɓoye yaro in an ji masu ɗaukar ƴan lakwal sun iso. Yau ga shi mu ke roƙon a ƙara mana aji. Ranar da tsarin Hausa ya iso garinmu, kwamiti na roƙonku ku karɓe shi, abin da za mu nema kawai shi ne a aiko shi da littattafansa da malamin da aka horar.

Da makarantar allo kuwa ba mu da gardama. Mun zauna da malamai, Allah ya saka musu, sun yarda su riƙa sallamar ƴan lakwal da wuri da safe, a cika musu da dare. Su ma sun ce yaron da ya saba zama gaban allo ɗaya ba ya wahala gaban na biyu.

Saura abu biyu, gajeru.

Na farko takardar haihuwa. Kowace shekara sai an zo rubuta sunayen masu sartifika a tarar wasu ba su da ita, uba ya shiga sintiri tsakanin gari da wurin alƙali, ga kuɗin mota, ga ɓata lokaci. In an haihu, a faɗa ma mai rubuta haihuwa tun kafin a ci naman suna, ba a biyan komi. Waɗanda ɗiyansu ke CE2 da CM1 ba su da takarda, ku ba mushe darakta sunayensu cikin wannan mako, a haɗa su a nema gaba ɗaya.

Na biyu ɗiyanmu da suka wuce kwaleji. Sun ci jarrabawa, mun yi murna, amma kwalejin ba a garinmu take ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku ya koma gidan mutane. In mai masauki na kirki ne, to. In ba haka ba, ya zama ɗan aike, yarinya ta zama mai wanke-wanke, kafin shekara ta ƙare sun komo gida. Mata sun fi komowa, kuma kun san abin da ke biyo baya, kafin damana an kawo goro. Tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati da ta ce a kiyaye karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Amma doka ba ta ba yarinya tuwon dare. Iyaye, in kun kai yaro gidan wani, ku bi shi da hatsinsa, ku riƙa leƙa shi ranar kasuwa, ku tambayi malamansa. Ƴan ƙungiyarmu da ke zaune can, mun rubuta muku takarda, muna son kowane yaro na garin nan ya san ƙofar da zai buga in abu ya dame shi.

Game da talla, ba mu ce a daina ba, mun san da ita ake sayen gishiri da kayan ɗaki. Shugabar iyaye mata ta ce za su zauna su tsara yadda za a bar ta sai an tashi daga aji, ranar kasuwa ma haka. Su za su gaya mana abin da suka yanke, mu maza ba mu sa baki.

Karatun dare da aka fara bara a zauren maigari zai ci gaba bayan sallar isha'i, kwana uku a mako. Fitilu masu aiki da hasken rana guda biyu suna nan, ɗaya ta lalace, muna biɗar wanda ya iya gyara. Samarin da suka yi kwaleji suka komo, ku ne malaman wurin. Ku fi ba da ƙarfi ga waɗanda ke bin baƙi da yatsa, ko da sun yi tsawo, kuma kada wanda ya yi musu dariya.

Bugun tubali zai fara ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba, a bakin tabkin arewa. Unguwar gabas da unguwar maƙera su ke da ranar farko, sauran unguwanni ranar Lahadi. Kowa ya zo da hauyarsa da bokiti, masu amalanke su zo da ganguna. Wanda ya san zai kama hanya kafin ranar, ya ga mai unguwarsa ya bar wanda zai tsaya masa. Tiya biyu kuma ana karɓa tun gobe a ƙofar maigari.

Mushe darakta, ga fili, yara sun gaji da jira. A fara da ƴan CI.